Ɓoyo Daban, Tanadi Daban: Darasi Daga Talata Mafara, Bakura Da Maradun

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata na je gida ta'aziyyar wani kawuna da Allah Ya yi wa rasuwa a wani ƙauye da ke tsakanin Talata Mafara da Bakura. Bayan an yi addu'ar uku, baƙi sun watse, sai na tarar da 'ya'yansa maza riƙe da fartanya da diga suna tonon ɗakinsa. Kowa a gidan ya san marigayin ya sayar da shinkafar rani da bijimai biyu kafin ya kwanta ciwo, kowa kuma ya san ba ya kai kuɗi banki, amma babu mahalukin da ya san inda ya sa su. An tona ƙarƙashin gado, an tona gindin rumbu, an tona har turken awaki. A rana ta biyu aka ci karo da gwangwani guda, cike da takardun kuɗin da gara da danshi suka mayar kamar dusa. Sauran kuwa har yau shiru. Abin da ya fi asarar ciwo shi ne yadda ɗakin uwargida ke zargin ɗakin amarya, ɗakin amarya kuma na zargin babban ɗa, har gidan da na sani da cin tuwo a kwano ɗaya ya koma kowa da tukunyarsa.

Ba wannan ne karon farko da maganar kuɗin kawu ta shiga tsakanina da shi ba. Shekaru biyu kafin rasuwarsa na taɓa ba shi shawarar ya buɗe asusun ajiya a banki. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce: "Kai ɗan boko, mi kas sani ga sha'anin kuɗɗi? Ran da aka kashe waya, bankinku ya ba ka ko sisi?" Ban sami amsar da zan ba shi ba a wannan rana, domin yana da gaskiyarsa. Wannan rubutu ƙoƙari ne na ba da amsar da na kasa bayarwa, ko da yake wanda ya yi tambayar ya riga mu gidan gaskiya.

A matsayina na ɗalibin harshe, na saba fara neman bakin zaren kowace matsala daga kalmomin da mutane ke kiranta da su. Bahaushe yana da ajiya, yana da tanadi, yana da ɓoyo, kuma bai taɓa ɗaukar su abu ɗaya ba. Ajiya tana tafiya da amana: akwai mai bayarwa, akwai mai karɓa, akwai ranar maidowa, shi ya sa ake cewa ajiya maganin wata rana. Tanadi kuwa yana duban lokaci ne, wato mutum ya hango buƙatar da ba ta zo ba, ya shirya mata tun da sauran hali. Shi ko ɓoyo ba ruwansa da lokaci ko amana, idon wani kawai yake gudu. Hasali ma kalmar da muke amfani da ita ga kuɗin da aka sa a rami, wato binnewa, ko bisnewa a bakin mutanenmu na yamma, ita ce dai muke amfani da ita ga gawa. Harshe bai yi kuskure ba a nan, domin sau da yawa abin da aka binne ba ya dawowa. Damuwata ita ce, a yankinmu yau, tsoro ya sa ɓoyo ya haɗiye ajiya da tanadi, har mutum na ganin da zarar ya ɓoye to ya shirya.

Sai dai adalci ne mu tambayi kanmu abin da ya kai talaka ga haka. Mutanen wannan yanki ba su manta da Bakolori ba. An kammala madatsar ruwan a 1978, dubban manoma suka rasa gidaje da gonaki, rikicin biyan diyya da rabon filaye ya yi ta ruruwa har ya kai ga zubar da jinin ranar 28 ga Afrilun 1980, lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa manoma. Wanda ya tashi da wannan labari a kunnensa, da wuya ya yarda cewa abin da ya damƙa wa hukuma zai dawo masa cikakke. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta canza launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba da kwanaki ƙalilan na musanya, mutanen ƙauye da dama suka kwana da tsofaffin takardu a hannu.

Na baya-bayan nan sun fi zafi. A 2021 kaɗai an sace ɗalibai mata 279 a Jangebe ta ƙaramar hukumar Talata Mafara a watan Fabrairu, an shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, an kwashe ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun ranar 1 ga Satumba. Gwamnatin jiha ta mayar da martani da rufe kasuwannin mako-mako da hana sayar da fetur a jarka, sannan aka katse layukan waya a faɗin Zamfara na tsawon makonni. A wannan lokaci, mai miliyan a banki da wanda ba ya da ko kwabo duk ɗaya suke a ƙauye: ba a tura kuɗi, na'urar masu POS ta mutu, kasuwar Talata da garin ya samo sunansa daga gare ta ba ta ci. Wanda ya sha miya a waɗannan makonni shi ne mai hatsi a ɗaka da 'yan canji a ƙarƙashin tabarma. Ba a gama farfaɗowa ba, sai ga Babban Bankin Nijeriya a Oktoban 2022 da sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, da wa'adin 31 ga Janairun 2023 da aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka tono kuɗinsu suka kai banki, suka dawo ba tsoho ba sabo. Zamfara na cikin jihohi ukun farko, tare da Kaduna da Kogi, da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Darasin da talaka ya ɗauka daga duk wannan guda ne: abin da ba ya hannunka ba naka ba ne.

To amma, mai karatu, wannan darasi rabinsa ne kawai gaskiya. Kuɗin da ke cikin rami yana da maƙiyan da ba sa barci. Akwai gara da danshi da gobara, kamar yadda gwangwanin kawu ya shaida. Akwai tsadar rayuwa, wadda ke cin kuɗi ba tare da ta taɓa murfin tulu ba: bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa, wato kuɗin buhu uku da aka binne kan fito da ƙyar ya haura na buhu biyu. Akwai mutuwa, wadda ba ta sallama, kuma takan tafi da sirri tare da mai shi, ta bar marayu da haƙƙinsu a ƙarƙashin ƙasa, ba a raba gado ba, ba a biya bashi ba, ba a fitar da zakka ba. Mafi muni kuma akwai baki. Cikin 'yan shekarun nan harshenmu ya karɓi sababbin baƙi irin su infoma da kuɗin fansa da harajin noma, kuma kalma ba ta zama a harshe sai abin da take nufi ya zauna a gari. Da ɗan gari akan ci gari. Ɓarayin daji ba sa buƙatar sanin ramin da ka tona, ya ishe su su ji cewa ka sayar da shanu ranar kasuwa kuma ba ka je ko'ina da kuɗin ba. Daga nan ba ƙasa za su tona ba, kai za su ɗauka, ko ɗanka, kai da kanka za ka nuna wurin. Ta haka abin da aka ɓoye don ranar wahala yake zama shi ne ya gayyato ta.

Haka abin yake ga hatsi. Kakanninmu sun gina rumbu da rufewa a fili, kowa na gani, domin abin da suke tsoro a lokacin shi ne fari da fara da ɓera. Suna barin gero da dawa a dami da zangarniyarsu, dabarar da duk wanda ya karanta ƙissar Annabi Yusufu (AS) ya san tsufanta. Yau rumbun da ke tsaye a bayan gida ya zama tuta, shi ake fara fasawa, shi ake cinna wa wuta. Sai manomi ya sussuke komai ya cusa a ɗakin kwana, ya barbaɗa masa maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba, ya kwana da iyalinsa a kan guba, kuma in an tashi gudu ba ya iya ɗaukar ko tiya biyar.

Wadda ta nuna mini bambancin ɓoyo da tanadi a aikace wata gwaggota ce da ke aure a wani ƙauye na ƙasar Maradun, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Tun da aka fara kai hari maƙwabtansu ta raba geronta uku: kashi ɗaya a gida don ci, kashi ɗaya wurin 'yarta a cikin gari, kashi ɗaya wurin wani amintaccen ɗan kasuwa, da shaidu biyu da 'yar takarda. 'Yan kunnenta na zinariya ta ba yayanta ajiya. A bakin ƙofar ɗakinta kuma kullum akwai ƙunshi guda: zane biyu, ƙuli-ƙuli da garin kwaki, maganin hawan jininta, katin asibitin jikoki, katin zaɓe, da lambobin waya uku da ta sa aka rubuta mata a takarda. Daren da aka shigo garinsu, ƙunshin nan kaɗai ta sungume ta bi jama'a. Da na je gaishe ta na yi mata jajen abin da aka ƙona, sai ta ce: "Ɗan nan, abin da wuta ta ci na kwana ashirin ne. Na shekara yana wurin mutane." Ban taɓa jin ma'anar tanadi da ta fi wannan ba, ko a ƙamus.

Saboda haka ba zan cika wannan shafi da lissafin wuraren ɓoyo ba, domin duk wurin da na sani ɓarawo ya riga ni saninsa. Abin da nake kira gare shi ya fi haka sauƙi. A bar wa gida abin da zai riƙe shi mako biyu ko uku in an rufe kasuwa ko an kashe waya: hatsi, gishiri, man girki, magungunan masu ciwon da ba ya jira, da kuɗi kaɗan cikin ƙananan takardu, wanda in an rasa shi ba a durƙushe ba. Abin da ya haura haka a raba shi, a fitar da shi. Wake da masara a sa su a buhun nan mai hawa uku da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba, a kai wani kashi cikin gari. Kuɗi mai kauri ya tafi banki. Mai gudun kuɗin ruwa yana da zaɓi tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki, mai tsoron rushewar banki kuma ya sani cewa tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiyar mutum ɗaya a bankin kasuwanci zuwa Naira miliyan 5. Takardun gona da na gida da shaidar karatun yara a ɗauki hotonsu, a ajiye kwafi wurin ɗan'uwa a wani gari. Sama da komai, kada sirrin dukiya ya tsaya a ƙirji ɗaya. A sami mutum guda mai amana a gaya masa, ko a rubuta da boko ko da ajami a damƙa wa wanda zai buɗe in ta Allah ta kasance.

A nan ne nauyi ya hau kanmu, mu da muka yi karatu muka koma Gusau da Sakkwato da Kaduna da Abuja. Mun iya aika kuɗin cefane, amma mu nawa ne muka taɓa zama da mahaifinmu muka rubuta gonakinsa da basussukansa da abin da ya ba wasu ajiya? Muna jin nauyin tayar da maganar don kada a ce muna jiran gado, alhali kunyar yini ɗaya ta fi gabar shekara ashirin sauƙi. Ɗakin da ke gidanmu na birni wanda muka cika da tsofaffin kujeru zai iya ɗaukar buhu goma na iyayenmu.

Ita ma hukuma tana da nata. Duk matakin tsaron da zai rufe kasuwa ko ya kashe waya, a yi shi da sanin cewa ana koya wa miliyoyin mutane binne kuɗi ne, kuma kuɗin da aka binne shi ke ciyar da sana'ar garkuwa da mutane. Ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, tare da masarautunsu da ƙungiyoyin manoman Bakolori, suna iya samar da rumbunan ajiya masu tsaro a cikin garuruwa, inda manomi zai kai buhunsa a ba shi rasit, ya karɓa ranar da ya so ba tare da ya nemi alfarmar kowa ba. In aka riƙe wannan amana shekara uku a jere, ba sai an yi shela ba, mutane da kansu za su kawo.

Har yanzu in na je gida nakan ga ramukan da aka tona a ɗakin kawu, an cike su da ƙasa amma wurin bai koma daidai ba. Allah Ya jiƙansa, Ya daidaita tsakanin iyalinsa, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina a Zamfara da Arewa baki ɗaya, amin.