Sau Nawa Za A Sayar Muku Da Akuya Ɗaya?

A kasuwar dabbobi, in dillali ya sayar maka da akuya yau, gobe ya sauya mata igiya ya dawo maka da ita da sabon farashi, sai alƙali ya raba ku. A kasuwar tsofaffin waƙoƙin Turai da Amurka kuwa, mai sayen ne yake bin dillalin da roƙo: don Allah a sake sayar mini. Na gaji da wannan roƙo, na kuma gaji da masu yin sa, duk da cewa ni ma na taɓa tsayawa a layinsu da kuɗina a hannu.

Ɗauki kundin ƙungiyar mawaƙa ta Pink Floyd mai suna The Dark Side of the Moon. A 1973 ya fito a baƙin faifan garmaho. Tun a wancan zamani aka yi wani na lasifika huɗu, wanda injiniya Alan Parsons ya haɗa. Sai kaset, sai CD a shekarun 1980, sai wani sabon bugu a 1993 don cika shekara ashirin. A 2003 injiniya James Guthrie ya baza shi a lasifika shida a faifan SACD. A 2011 aka zuba shi a ƙaton akwati, har da gyale da 'yan ƙwallayen gilashi irin na wasan yara a ciki, wallahi ba ƙari na yi ba. A 2023 ga shi kuma a salon sautin kewaye na Dolby Atmos, cikin akwatin da ya tasam ma dala 300. Waƙoƙin nan dai su ne na 1973, tsawonsu duka kimanin minti 43. Amma tun ledar wannan akwati ba ta kai kwandon shara ba, masoya suka fara jero na gaba: a ba mu kundin wane da sautin kewaye, a ba mu na wance da manyan lambobi, 24 da 192.

Lambobin nan su ne layar da ake ɗaura musu, don haka bari mu kwance ta. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, yana ɗibar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Ƙa'idar lissafi ta ce da wannan za ka kama duk wani amo mai kaɗawa har zuwa rabin adadin, wato 22,050 a daƙiƙa. Kunnen yaro lafiyayye a wajen 20,000 yake tsayawa, daga nan kuma raguwa yake yi da shekaru. Mai shekara hamsin da wuya ya ji abin da ya haura 15,000. To su wa ke kukan a ba su samfuri 192,000 a daƙiƙa? Dattawa ne masu furfura, waɗanda suka ƙare ƙuruciyarsu a gindin lasifikar gidajen rawa. Abin da suke biyan kuɗinsa, sai dai jemagen da ke cikin rufin ɗaki ya more shi. A sutudiyo manyan lambobi suna da amfani, suna ba injiniya sarari ya yanka ya ɗinka ba tare da ɓarna ba. A falon mai sauraro kuwa ado ne.

An gwada. A 2007 Brad Meyer da David Moran suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Boston: a kunna wa mutum faifai mai manyan lambobi, a ɓoye a rage shi zuwa ma'aunin CD, a ce ya faɗi wanne ne wanne. Cikin gwaji 554 an dace sau 276. Canki-canka ke nan. Da kwabo aka jefa sama, abin da zai bayar ke nan. Masu kunnen zinariya suka yi caa, suka ce ai wasu faifan da aka yi gwajin da su tun asali ba daga tushe mai manyan lambobi suka fito ba. Madalla! Ashe kun yarda ana sayar muku da tsohon naɗi a sabuwar riga. Daga baya, a 2016, wani malami a Landan, Joshua Reiss, ya tattara gwaje-gwaje da dama ya ga ana iya bambancewa, amma da abin da ya ɗara rabi da ƙyar. A kan wannan ɗan siririn rata ake tatsar mutane.

In kana son ka ga inda asirin kunnen zinariya ya tonu, koma 2022. Kamfanin Mobile Fidelity ya yi shekara da shekaru yana sayar da baƙaƙen faifai masu tsada, wasu dala 125 guda, masu saye suna rantsuwa cewa daga tef kai tsaye aka yanko su, kwamfuta ba ta shiga tsakani ba, shi ya sa suke jin wani ɗumi da ba a samu a ko'ina. Sai wani mai shagon faifai a garin Phoenix ya ɗaga zancen, kamfanin kuma ya amsa cewa tun wajen 2011 yake fara juye tef zuwa dijital kafin ya yanka. Shekara goma sha ɗaya ana lumshe ido ana yabon ɗumi. Aka je kotu, aka yi sulhu a kan abin da aka ƙiyasta ya kai dala miliyan 25. Faifan nan kuwa suna da daɗin ji, tun da ƙwararru ne suka yi aikin. Abin da ya sha ƙasa shi ne da'awar cewa kunne na iya shinshino lamba.

An bar jaki ana dukan taiki. Abin da ke lalata waƙa a faifai shi ne hannun da ke murɗa na'ura a matakin ƙarshe. Tun shekarun 1990 kamfanoni ke tseren wa ya fi wani ƙara: a ɗaga raunanan wurare, a danne masu ƙarfi, har raɗa da tsawa su zama tsayi ɗaya, bugun ganga ya koma kamar ana dukan katifa. A 2008 mawaƙan Metallica suka fitar da kundinsu Death Magnetic a matse har yana tsatsa, sai masoya suka gano cewa kwafin da ke cikin wasan bidiyo na Guitar Hero ya fi wanda suka saya a shago daɗin ji. Wasan yara ya kunyata faifan manya. Irin wannan naɗi ko a lamba miliyan ka zuba shi, a matsen zai fito. Meyer da Moran ma sun lura cewa faifan SACD masu manyan lambobi da yawa sun fi takwarorinsu na CD daɗi, kuma dalilin shi ne an fi tausaya musu wajen tacewa. Wato kamfani ya san yadda ake aiki mai kyau, ya ɓata na talaka da gangan, ya ajiye mai kyan ga wanda zai biya ninki. Maimakon masoya su yi bore a kan wannan, godiya suke yi.

Sautin kewaye ba na musa cewa wani abu ne daban, ana jin sa. Mai haɗa sauti Steven Wilson ya zauna da tsofaffin tef na ƙungiyoyin King Crimson da Jethro Tull da Yes ya fito da abubuwan da suka nutse shekara arba'in, kuma yana aikin da ladabi. Amma ba kowace waƙa ce ke son a yayyaga ta a rataye a kusurwoyin ɗaki ba. Brian Wilson na Beach Boys kunnensa na dama kusan a mace yake lokacin da ya tsara kundin Pet Sounds a lasifika ɗaya a 1966, ya narka kayan kiɗan suka zama dunƙule guda. A 2003 aka baza shi a lasifika shida. Mutum ya dama furarsa, wani ya zo yana ware masa gero daban, nono daban, wai don a fi jin ɗanɗano. Yanzu kuma abin ya zama haraji: tun da Apple Music ya shigo da Atmos a 2021, ya kuma sanar a 2024 cewa zai ƙara har kashi goma cikin ɗari na kuɗin da yake biya ga waƙoƙin da aka yi wa wannan haɗi, kowa ya ruga yana haɗawa, mai hali da marar hali. Kuma a ina akasarin mutane ke sauraro? A 'yan iyafis biyu, cikin motar haya.

Duk wannan aiki ba ya yiwuwa sai da uwar tef, wadda aka naɗa a sutudiyo, kowane abin kiɗa a layinsa. Mu nan mun san zafin nisa da ita. Bakandamiyar Shata da ke cikin wayata daga shagon masu tura waƙa ta fito, su kuma daga kaset ɗin da aka kwafa daga wani kaset; kalangun kamar an lulluɓe su da bargo. Ba lambar da za ta yaye bargon nan.

To masu jerin buƙatu, sau nawa kuka tambayi inda tef ɗin yake? Ranar 1 ga Yuni, 2008, gobara ta cinye wani rumbu a harabar kamfanin Universal da ke Hollywood. A lokacin aka ce asarar ba ta taka kara ta karya ba. Sai a Yunin 2019 Jody Rosen ya rubuta a mujallar New York Times cewa uwayen tef tsakanin 118,000 da 175,000 ne suka ƙone, takardun cikin gida kuma sun ƙiyasta waƙoƙi wajen rabin miliyan, ciki har da kayan kamfanonin Chess da Decca da Impulse, gidajen su Chuck Berry da Billie Holiday da John Coltrane. Kamfanin ya ce an zuzuta adadin. A rage rabi ma, a bar rabi. Shekara goma sha ɗaya masu kunnen zinariya suna aika wasiƙun roƙo, a ba mu wannan a lasifika shida, a ba mu wancan a 192, alhali rumbun ya daɗe da zama toka. Kuma ranar da suka ji labari, a jarida suka karanta.