Allon aiki ɗaya ya ishi ɗalibi

Duk lokacin da aka buɗe Google Summer of Code, wanda aka fara a 2005, ko Outreachy, wato shirye-shiryen horar da ɗalibai kan aikin manhaja, sai masu jagorantar ɗalibai su shiga muhawara: a ina za a riƙa rubuta ayyukan da aka ɗora wa ɗalibi? Wannan ya ce Trello, wancan ya ce Jira, wani kuma ya buɗe takarda a Google Docs. Ni dai a ganina, a bar aikin inda manhajar take zaune.

Idan manhajar tana GitHub, sashen Issues ya wadatar. Ɗalibi ya aiko da gyara ya ambaci lambar aikin da kalmar rufewa, da zarar an karɓi gyaran sai aikin ya rufe da kansa. Masu aiki da Wikimedia kuwa suna da Phabricator, inda ake ganin tarihin kowace matsala tun ranar da aka kai ƙorafinta. Wata uku kacal ɗalibin Outreachy yake da su. Ban ga dalilin da zai sa ya kashe makon farko yana koyon allon da babu wanda zai sake leƙawa bayan ya tafi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne WhatsApp. Ɗalibanmu na Kano da Zariya da yawa suna jin nauyin yin tambaya a bainar jama'a, kada a ce ba su iya ba, sai su bi jagora ta bayan gida. Jagora ya amsa, matsala ta warware, amma amsar ta maƙale a wayar mutum biyu. Ɗalibin baɗi zai faɗa rami ɗaya, ba tare da ya san an taɓa cike shi ba. Jagora nagari yakan ce cikin lallashi, mayar da tambayar can ƙarƙashin aikin, zan amsa maka a wurin.

Rahoto kuma sau ɗaya a mako ya isa, a rubuce, gajere. Ƙidayar awowi ba ta gaya mini komai. Inda ɗalibi ya cije nake son sani, domin wanda ya yi mako biyu yana cewa komai lafiya shi ne yawanci ya fi buƙatar taimako. Rubutu yana wucewa ko intanet na jan ƙafa, ana kuma iya aika shi idan wuta ta dawo. Taron bidiyo na kullum kuwa cinye data yake yi, ga bambancin agogo da jagoran da ke Amurka.

Akwai kuma maganar kuɗi. Outreachy na biyan dala 7,000, kuma sai jagora ya tabbatar ana aiki ake sakin kuɗin. Ranar da saɓani ya taso, rubutun da kowa ke iya gani shi ne zai kare ɗalibi, ya kare jagoran ma. Bayan an gama kuma, mahaɗin aikinsa na GitHub shi ɗalibin zai nuna wa mai ɗaukar aiki.