Hirar Gida: Lemun Cikin Kwalba Shi Ma Lemu Ne?

Akwai wani barkwanci da ke yawo yanzu a wuraren biki, musamman a bakin samari da 'yan mata. Mutum zai ɗaga kofin giya mai ƙanshin abarba, an maƙala yankin lemu a bakin kofin, ya ce, "Likita ya ce mu riƙa shan 'ya'yan itace, to, ga ni ina bin umarninsa." Sai a kwashe da dariya. Mu ma mukan dara, gama maganar da ban dariya. Ba sabuwa ba ce kuma. Tun zamanin kakanninmu mashaya burukutu sukan ce ai abinci ne, ba da dawa aka yi shi ba? A Ingila ma, inda hukuma ke cewa a ci kashi 5 na 'ya'yan itace da ganye kowace rana, akan ji mai cewa a lissafa masa ruwan inabinsa cikin biyar ɗin.

To, 'yan'uwa, bari mu bi sawun lemun nan mu ga ko ya kai cikin kwalba. Sa'ad da aka matse inabi ko abarba, akan zubar da ɓawo da tuƙa, su ne kuwa ke taimakon hanji. Sa'an nan yisti ya cinye zaƙin da ya rage, ya mai da shi barasa. Waɗansu kwalaben ma ba su taɓa haɗuwa da itace ba, barasa ce aka zuba wa sukari da launi da ƙanshi, aka zana mangwaro a jikin takarda. Giram 400 na 'ya'yan itace da ganye da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so mu ci kullum, na taunawa take nufi.

Wani zai ce, ai an ce jan ruwan inabi yana gyara zuciya. Zancen ya bazu ne tun 1991, da wani shirin talabijin a Amurka ya yi ta yabon lafiyar Faransawa. Amma tun 1988 masanan ciwon daji na wannan Hukuma suka sa barasa a rukuni ɗaya da taba. A Janairun 2023 kuma Hukumar ta faɗa a fili cewa babu wani gwargwadon barasa da za a ce ba ya cutar da jiki. Masu fakewa da shawarar da Bulus ya ba Timothawus, sai su tuna mai ciwon ciki aka yi wa magana, ba mai zuwa biki ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne zaƙin. Giyar da aka sani tana da ɗaci, yaro ya kurɓa sai ya yamutsa fuska ya ajiye. Wannan kuwa kamar lemun kwalba take a baki, alhali ƙarfinta yakan kai 5 cikin 100, daidai da giyar da muke tsawata wa 'ya'yanmu a kanta. Ruwan inabi kuma yakan wuce 12. Yarinya 'yar makaranta za ta sha uku tana cewa ba ta taɓa shan giya ba, har ta gaskata kanta. Mace mai ciki, wadda miyau ke damunta, za a miƙa mata mai sanyi a ce ai ta 'ya'yan itace ce, ba kome. Barasar kuwa tana bi ta mabiyiya ta isa ga jariri, shi ko hantarsa ba ta yi ƙwarin sarrafa ta ba. Lahanin da takan yi wa ƙwaƙwalwarsa ba ya gyaruwa bayan haihuwa.

Iyaye mata masu sayen abin sha na bikin aure ko na Kirsimeti, ku juya kwalba ku duba. In da barasa a ciki, za ku ga an rubuta lamba da alamar % a gefe, sau da yawa da ƙananan baƙaƙe. Kada hoton ya ruɗe ku, kada kuma ku aiki yaro ya zaɓo. Kuɗin katan guda zai cika daro da lemu da kankana, har a dafa zoɓo da citta da abarba a tulu, yara da masu ciki su sha su ƙara.