Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Ɗaukar Ma'aikata

Ranku ya daɗe, shugabannin kamfanoni da ƙungiyoyi,

Na rubuto muku ne kan wata ɗabi'a da ke neman zama ruwan dare wajen tantance masu neman aiki.

Za a kira matashi intabiyu, a ce ya je ya tsara yadda za a tallata kaya na wata shida, ko ya zana wa kamfani tambari. Ya sayi data da kuɗinsa, ya kai waya caji shago, ya raba dare yana aiki. Ya miƙa, shiru kake ji. Daga baya sai ya ga dabararsa a tallan kamfanin.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutu da zane, amma ba ta kare dabara ita kanta. Ga shi mai neman aiki ba shi da kuɗin lauya. Don haka amanar tana wuyanku.

Ina roƙonku, ku taƙaita gwaji ya zama na awa ɗaya ko biyu, a kan matsalar da kuka riga kuka warware. Ku tambayi mai neman aikin yadda zai tunkari aiki, domin a nan ake gane basira. Idan kuna son cikakken tsari, ku biya shi ladansa. Wanda kuma ya ce sai an ɗauke shi zai baje komai, kada ku ɗauke shi mai girman kai. Guminsa yake karewa.

Ku ji tsoron Allah, haƙƙin wani ba ya ciwuwa.

Naku,
Mai kishin matasa