Wanda Zai Sauka Jos Shi Kaɗai

Duk wanda ya saba zama a tashar mota ta Agege, ko Mile 12, ko Sabo ta Badun, ya san irin shawarar da akan ba mutumin da ya ce zai tafi Jos shi kaɗai. Kafin ya rufe baki wani zai ce masa, "Malam, in ka isa ka ce a kai ka Bauchi Road, kada ka yarda ka kwana ko'ina sai cikin 'yan'uwa." In kuwa Kirista ne, mutumin Zuru ko Tangale ko Kudancin Kaduna da ke neman abinci a Ikko, sai a ce masa ya nufi Tudun Wada ko Unguwar Rukuba. Shi ke nan an gama ba shi shawara, sai a bi shi da Allah ya kiyaye hanya.

To, wannan shawara ba ƙarya ba ce, amma rabin gaskiya ce. Rabin da aka bari kuwa shi ne wanda ya ci rayukan matafiya.

Gaskiyar da ke cikinta ita ce Jos ta rabu. A da ba haka take ba. Garin kuza ne, wanda Turawa suka kafa a farkon ƙarnin da ya wuce, jirgin ƙasa na Fatakwal ya iso shi a 1927, ya tara Birom da Anaguta da Afizere da Hausawa da Ibo da Yarabawa da Urhobo, har ta kai gida ɗaya na haya yakan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa coci, suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Bayan an ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991 sai gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo ta yi ƙarfi. An taɓa faɗa a watan Afrilu na 1994. Babbar fitina ta zo ran Juma'a 7 ga Satumba 2001, ta tashi daga unguwar Congo-Russia, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe kimanin mutum 1,000 cikin kwana 6. Aka sake a ƙarshen Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙananan hukumomi, aka kuma sake a Janairu 2010. Kowane rikici in ya lafa sai mutane su kwashe kaya, wannan ya sayar da gidansa da araha ya koma inda addininsa ya fi yawa, wancan ma haka. Da haka Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da Ali Kazaure da Dilimi suka zama na Musulmi kusan zalla, Kabong da Jenta Adamu da Tudun Wada da Unguwar Rukuba suka zama na Kirista.

Saboda haka ba wanda zai zargi mai cewa a sauka cikin 'yan'uwa. Sai dai a duba a gani, matafiyan da suka halaka a Jos da kewayenta cikin 'yan shekarun nan, a ɗakin kwana aka same su, ko a kan hanya?

Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya ya taso daga Abuja shi kaɗai a motarsa ran 3 ga Satumba 2018, zai tafi Bauchi. Ya bi ta yankin Du a Jos ta Kudu, alhali daren jiya 'yan bindiga sun harbe mutane a wannan yanki, matasa sun fito sun tare hanya. Daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sai ƙarshen watan sojoji suka janyo motarsa daga wani tsohon kududdufin haƙar kuza a Dura-Du, gawarsa kuwa sai ƙarshen Oktoba aka same ta a cikin rijiya. Mutum ne da ya yi shekaru a aikin soja, ya san ƙasar nan ciki da bai. Abin da bai sani ba shi ne labarin daren jiya.

Na biyu ya fi kusa da masu karanta wannan shafi, domin mazauna Kudu ne. Ran Asabar 14 ga Agusta 2021 ayarin motocin bas ya taso daga Bauchi, inda aka yi taron zikirin sabuwar shekarar Musulunci na Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi, za su koma Ikare ta Jihar Ondo. A hanyar Rukuba, cikin garin Jos, da safe ba da dare ba, aka tare su, aka kashe aƙalla mutum 22. A makonnin da suka gabata an yi ta kai hari ƙauyukan Irigwe a Ƙaramar Hukumar Bassa, gari ya riga ya ɗau zafi, kowane ɗan Jos ya san ba ranar bin wannan hanya ba ce. Su baƙi ba su sani ba. Gwamna Simon Lalong ya sa dokar hana fita ba dare ba rana a Jos ta Arewa, amma bayan kwana 10 aka auka wa ƙauyen Yelwa Zangam aka kashe fiye da mutum 30, galibinsu Kirista. Haka abin yake juyawa, wanda bai ci nanin ba nanin ta ci shi. A Yuni 2025 ma 'yan ɗaurin aure daga Basawa ta Zariya, za su Ƙwan Pan, suka ɓace hanya da dare a Mangun ta Ƙaramar Hukumar Mangu, suka tsaya tambaya, aka kashe fiye da mutum 10 daga cikinsu.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Haka ne, amma tambayar tana da lokacinta, kuma tana da wanda ake yi wa ita. A Filato, tun mutum bai ɗaura kaya ba ya kamata ya yi ta, ga wanda ya san shi. Watau abin da matafiyi yake bukata tun farko mai masauki ne, unguwa kuwa ta biyo baya.

Abin mamaki shi ne a ce sai an tuna wa mazauna Kudu wannan. Ai da shi aka gina Sabo ta Badun da zangon Agege. Bafatake ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, ba ya sauka sai gidan maigidansa, shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, in rigima ta taso shi zai tsaya masa gaban Sarkin Hausawa ko gaban 'yan sanda. Mutumin da ba zai shiga Anaca ba sai da sunan wanda zai sauka wurinsa, shi ne zai hau mota zuwa Jos hannu rabbana, wai don ai Arewa ce, gida ne. Da ɗan gari kan ci gari, ko da garin na Arewa ne.

Akwai abubuwa biyu da ke ruɗin mazaunin Kudu in ya isa. Na farko harshe. A Ikko in mutum ya ji ana Hausa a bayansa sai ya waiwaya da fara'a, ya san ya ga na gida. A Jos kowa Hausa yake yi, da ita ake ciniki a Farin Gada, da ita ake wa'azi a coci, da ita ake zagi ran faɗa. Harshe ba ya nuna wa baƙo inda yake tsaye, alhali shi tufafinsa da sunansa sun riga sun faɗi ko shi wane ne. Na biyu sunayen unguwanni. Wanda ya san Tudun Wada ta Kaduna ko ta Zariya zai ɗauka ta Jos ma haka take, ba haka ba ce. Unguwar Rogo da Unguwar Rukuba a kunnen baƙo kamar wa da ƙane, kuma da ƙafa ma ana iya zuwa daga wannan zuwa waccan, amma in gari ya ɓaci kuskuren ɗaya da ɗaya ba ƙaramin kuskure ba ne. Garin ba shi da ganuwa ko ƙofa da za ta ce wa mutum ya tsallaka. Wani lokaci gada ce, wani lokaci rafi, wani lokaci kwalta ɗaya. A irin waɗannan bakin iyaka, kamar wajen Gada Biyu da Congo-Russia da sassan Nasarawa Gwong, faɗa ya fi muni a baya. Ɗakin haya mai araha a bakin iyaka ya fi kowane ɗaki tsada ran da aka ji harbi.

Sa'an nan kada a ɗauka cikin 'yan'uwa babu abin tsoro. Ran 5 ga Yuli 2015, cikin azumi, an kai hari da bam masallacin 'Yan Taya ana tafsiri, da gidan abinci na Shagalinku a Bauchi Road, a tsakiyar unguwannin Musulmi. Bam ɗin kasuwar Terminus na 20 ga Mayu 2014, wanda ya kashe aƙalla mutum 118, bai tambayi addinin kowa ba. Rayfield ma, unguwar manya inda gidan gwamnati yake, an kai wa cocin St. Finbarr hari a can a Maris 2012. Waɗannan sun wuce, Allah kada ya maimaita. Wanda bai wuce ba shi ne na 'yan sara-suka, yaran da ke tare lungu da wuƙa bayan magariba su ƙwace waya, kuma a unguwannin da ake tura baƙo Musulmi suka fi yin ta'adi. Ɗan unguwa ya san lungun da ba a bi. Baƙo mai jaka a kafaɗa, yana duba waya yana neman kwatance, shi ne abincinsu. In kuma aka sa dokar hana fita, unguwannin nan masu cunkoso su ake fara rufewa, mutum ya zo kwana 2 ya yi mako, kuɗin guzuri ya ƙare, ba wanda ya san shi balle ya ba shi bashi.

Ga wata unguwa kuma da masu ba da shawara a tasha ba su cika ambata ba, watau Dadin Kowa, a kan hanyar Bukuru zuwa cikin gari. Musulmi da Kirista ne a cakuɗe, talakawa da ma'aikata. A 2008 da 2010, lokacin da maƙwabtanta suke cin wuta, ba a yi kisa a cikinta ba. Ba soja ne ya tsare ta ba. Dattawan coci da na masallaci ne suka yi alkawari a tsakaninsu, matan unguwa suka matsa musu lamba, aka haɗa samarin ɓangarorin biyu suna sintiri tare, kowa ya hana nasa yaran fita, ya kuma hana na waje shigowa. Har wata Baturiya mai bincike, Jana Krause, ta rubuta littafi a 2018 da ya yi bayanin yadda suka yi. Wannan ba ya nufin kowa ya kwashi jaka ya tafi Dadin Kowa. Abin da yake nunawa shi ne amincin unguwa yana ga dattawanta, ko suna da bakin da yara ke ji. Haka kuma a Yuni 2018, a ƙauyen Nghar na Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. A cikin Jos ma akwai Musulmi da yawa da suke raye yau saboda maƙwabci Kirista ya kulle su a ɗakinsa. Wanda aka sani ake ɓoyewa. Baƙon da ba wanda ya san sunansa, wa zai buɗe wa ƙofa?

Saboda haka mai niyyar tafiya, kafin ya sayi tikiti, ya nemi mutum ɗaya a Jos, ko abokin ciniki, ko ɗan garinsu, ko wanda limaminsu ko fastonsu ya haɗa su. Ya kira shi ran da zai tashi, ya sake kiransa daga Akwanga kafin mota ta hau Hawan Kibo, ya yi masa tambaya ɗaya: "Alhaji, yaya gari ya kwana?" In aka ce an yi wani abu jiya a Riyom ko Bassa ko Barikin Ladi, ko za a yi jana'izar waɗanda aka kashe, to kwana a Akwanga ba abin kunya ba ne. In direba ya ce zai yanke ta wata hanya don gudun cunkoso ko shingen sojoji, fasinja yana da ikon ya ce a'a. Shingen nan da ake ƙorafi a kansa ya fi hanyar da ba kowa.

Wanda ba shi da kowa sam, kuma dole ya kwana a otal, gara ya ƙara kuɗi ya sauka a wanda ke bakin babban titi, mai maigadi da littafin rubuta sunan baƙi, kusa da abin da ya kawo shi, yadda ba sai ya ratsa gari safe da yamma ba. Mace mai tafiya ita kaɗai, ko 'yar kasuwa ce mai zuwa sarin dankali da kabeji, ta fi kowa bukatar a tarye ta a tasha. Doka ta hana acaba a Jos da Bukuru, sai Keke Napep da tasi, su ma sukan yi wuya in dare ya yi. Ran Juma'a da azahar da ran Lahadi da safe akan tare wasu tituna saboda masu ibada, baƙo ya yi haƙuri ya zagaya, kada ya ce zai yi gardama, domin a kan irin wannan tare hanya aka fara na 2001. Af, kada a manta da rigar sanyi. Garin yana bisa tudu kimanin mita 1,200, wanda jikinsa ya saba da zafin Ikko in ya isa a watan Disamba zai raina kansa.

Sauran aikin na shugabanni ne. Kowace tasha a Kudu da ke lodin Jos tana da shugaban direbobi da 'yan kamasho, kowane zango yana da Sarkin Hausawa, ƙungiyoyin 'yan Arewa Kirista ma suna da shugabanninsu. Ba abin da zai hana kowannensu ya riƙe lambar takwaransa na tashar Bauchi Road da na Bukuru, a buga waya kowace safiya kafin motar farko ta tashi, a kuma rubuta sunan kowane fasinja tare da sunan wanda zai sauka wurinsa. Ana karɓar kuɗin kamasho a kan kowace kujera, kuɗin waya ɗaya ba zai gagara ba. Motocin Ikare guda 5 ne suka shiga hanyar Rukuba a jere ran nan, a garin da tun kafin su baro Bauchi mutanensa suka san ya kwana da zafi.