Masu Dariyar "Malamin Waya", Ku Dakata

Yau abin da ke cina zan faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

A layinmu na kasuwa a nan Anacha akwai wani saurayi Ibo mai bin addinin Yahudanci, shagonsa na kallon na babana. Da ya rufe shago sai ya hau karatun Ibrananci ta intanet, yana shirin neman gurbi a makarantar da ake horar da rabai, wato malamin Yahudawa. Samarinmu sun laƙaba masa "malamin waya", wai karatun da ba a durƙusa gaban malami ba ai wasa ne. Addininsa ba nawa ba ne, amma wallahi wannan dariya ba ta da kai.

Kun san abin da ke gabansa kuwa? Ba a zama rabai sai an samu izinin da suke kira semika. Kafin nan sai mutum ya iya Ibrananci, ya iya Aramiyanci don karanta Talmud, ya ratsa littattafan hukunce-hukuncensu irin su Shulhan Aruk. Gershom Sizomu na Uganda sai da ya bar ƙasarsa ya tafi Los Angeles, ya yi shekara biyar, kafin a naɗa shi a 2008. Ɗan kasuwa nawa ne zai iya rufe shago shekara biyar? Shi ya sa makarantu irin su ALEPH da Academy for Jewish Religion a Amurka suke koyarwa ta intanet, malami na ganin ɗalibi, ana haɗuwa ido da ido lokaci-lokaci, kuma shekaru ake kwashewa. Ga al'adarsu ta habruta, mutum biyu su riƙe shafi ɗaya suna musu a kai har su gane.

Kuma abin ba sabo ba ne a wurinsu. Fiye da shekara dubu da suka wuce, makarantun Sura da Fumbedita a ƙasar Iraƙi sukan tara masu sana'a wata biyu a shekara, Adar da Elul, sauran watanni kowa na bita a gida. Na nesa kuwa wasiƙa suke aikowa da tambaya, a mayar musu da amsa. A 1923 Rabai Meir Shapiro ya kawo tsarin karanta warƙa ɗaya ta Talmud kullum, warƙa 2,711, sama da shekara bakwai kafin a sauke.

Na yarda akwai masu sayar da takardar naɗi a intanet ba tare da wani karatun kirki ba, kuma Yahudawa 'yan gargajiya ba sa amincewa da naɗin makarantun masu sassauci. Wannan sai ɗalibi ya bincika kafin ya zuba kuɗinsa. Amma don ana jabun atamfa ba a daina sayen atamfa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mu kanmu. Na gama sakandare, na ce shago ya hana ni ci gaba, haka yawancinmu muke faɗa. To shi ba shago yake tsaro ba? Wutar da ake ɗauke mana ita ake ɗauke masa. Wayar da muke kallon ƙwallo da ita har tsakar dare, irinta ce a hannunsa.

Nan da shekara bakwai, shi zai nuna abin da ya karanta. Mu me za mu nuna? Allah ya sa mu gane.