Kafin Ka Fesa wa Kaza Fiya-fiya, Leƙa Akurkinta da Dare

A damina ta bara gwaggona ta yi asarar kwanci biyu a jere. Kazar za ta hau ƙwai lafiya lau, bayan kwana goma sai ta tashi ta ƙi komawa, ƙwai ya huce ya lalace alhali saura kwana goma sha ɗaya ya ƙyanƙyashe. Aka ce kazar ce ba ta da kirki. Da na haska akurkin da tocila bayan sallar isha, na shafa farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar da kajin ke kwana a kai, sai ga ƙyallen ya yi zane-zanen jini. Ashe duk dare tsotse ta ake yi har zama ya gagare ta.

Na kawo wannan labari ne saboda yadda muke tunkarar irin wannan matsala a gidajenmu. Da zarar an ga kaji na soshe-soshe, sai a aiki yaro ya sayo fiya-fiya. Da zarar shirwa ta ɗauki ɗan tsako ko muzuru ya yi ɓarna, sai a fara maganar guba. Ra'ayina shi ne duka biyun kuskure ne mai tushe ɗaya: muna bin ƙwaro da ɓarawo da magani, mun bar wurin kwanan kaza a yadda ya gayyato su. Naira da aka kashe wajen gyaran akurki ta fi wadda aka kashe a kan guba amfani, kuma ba ta biyo mu cikin tukunya.

Bari mu fara da sanin abokan gaba, domin abin da muke haɗawa mu kira ƙuma ko ƙwarƙwata halittu ne daban-daban. Ƙwarƙwatar kaza a jikin kaza take rayuwa daga haihuwa zuwa mutuwa. Gashi da ɓawon fata take ci, tana liƙa ƙwayayenta a gindin gashi, musamman kusa da dubura da ƙarƙashin fiffike, kuma idan ta rabu da jikin kaza ba ta wuce kwanaki take mutuwa. Ita kuwa jar ƙumar nan mai shan jini, wadda ta kori kazar gwaggo, da rana ba a jikin kaza take ba. Tana ɓuya a tsagar bango da mahaɗar katako da cikin ciyawar kwanci, sai dare ta fito. Idan da zafi, mako guda ya ishe ta tashi daga ƙwai ta kai ga yin nata ƙwan, kuma tana iya yin watanni a akurkin da babu kaza ba ta mutu ba. Kaskar kaza ma haka take, a tsagar bango da ɓawon itacen da kaji ke kwana, ta ma fi ƙumar jure yunwa, tana kuma ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa kaza zazzaɓi da gudawa. Akwai kuma baƙar ƙumar da ke manne wa zanko da gefen ido, wadda 'ya'yanta ke girma a cikin ƙasa da kashin da ya taru a akurki.

Daga wannan bayani hujjar ta fito da kanta. Cikin huɗun nan, uku rayuwarsu ta dogara ne da akurki. Wanda ya fesa wa kaza magani da hantsi ya mayar da ita ɗaki ɗaya da magariba, ya bar rundunar tana jira a bango.

Sai batun gubar ita kanta. Sinadarin dichlorvos, wanda ke cikin Sniper da yawancin abin da ake sayarwa da sunan fiya-fiya, jijiyoyi yake kamawa, kuma bai san bambancin jijiyar ƙwaro da ta kaza da ta yaron da ya riƙe kazar ana fesawa ba. Saboda ragowarsa da aka samu a wake ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Nijeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa. Su ma Turawan sun ɗanɗana irin wannan ganganci. A 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kantuna a Holan da Beljiyam da Jamus bayan an gano sinadarin fipronil a ciki, kuma dalilin shigarsa gonakin shi ne yaƙi da wannan jar ƙumar. Can akwai ɗakin gwaji da ya gano, akwai hukumar da ta janye. Ƙwan da kazar bayan gida ta saka kuwa, daga akurki sai kaskon suya, babu mai tsayawa a tsakani sai mai gidan.

To me za a yi? A share akurki duk mako, a fitar da kashi nesa. A ƙone tsohuwar ciyawar kwanci kafin wata kaza ta hau. A yaɓe tsagar bango, a shafe shi da farar ƙasa, a fitar da sandunan kwana a wanke da ruwan zafi da sabulu a shanya a rana. A ware wa kaji busasshen wuri mai inuwa da aka haɗa yashi da tokar murhu, domin birgimar da suke yi cikin ƙura ita ce wankansu, kuma tana rage musu ƙwarƙwata. Ƙumar da ta manne a zanko, da ƙafar da ta yi kaushi ta ɗaɗɗaga, a riƙa shafa musu man kaɗanya ko basilin, maiƙon yana toshe wa ƙwaron numfashi. Kananzir da baƙin mai kuwa ƙona fata suke yi, a bar su. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo tsaraba, a keɓe ta mako biyu ana duba ta kafin ta shiga cikin sauran.

Ba na cewa toka na maganin komai. Idan ƙwari sun riga sun yi yawa, dole a nemi magani, amma wanda aka yi domin kaji, bisa shawarar likitan dabbobi. A fesa wa akurkin har cikin tsagoginsa, a maimaita bayan kwana bakwai zuwa goma saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe daga baya, a kuma kiyaye kwanakin da takardar maganin ta ce a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Masu farautar kaji ma lissafinsu ɗaya. Shirwa da shaho da hankaka da rana suke aiki, kuma 'yan tsaki suke nema. Muzuru da gafiya da kumurci sun fi zuwa da dare, ta ramin ƙasa ko ƙofar da aka jingina wa faifai. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma tsabar da aka bari a zube da magariba ita ke kiran ɓera, ɓera kuma ya kira maciji. Maganin dare shi ne ƙofa mai sakata da ragar waya mai ƙananan idanu, kimanin rabin inci, wadda aka binne gindinta kamar ƙafa guda a ƙasa don mai haƙa. Ragar nan mai manyan idanu kaza kawai take tsarewa, ɓera da maciji wucewa suke yi. Maganin rana kuwa shi ne a riƙe 'yan tsaki da uwarsu a rufaffen wuri na mako huɗu zuwa shida na farko, ana ba su dusa da tsaki da ruwa, sannan a bar musu inuwar da za su ruga ciki in uwar ta yi kukan gargaɗi. Naman da aka barbaɗa wa guba ba ya zaɓen mai ci. Karen maƙwabci zai ci, mage za ta ci, ungulu ma haka, ga shi kuwa ungulu ta riga ta yi ƙaranci a garuruwanmu har mahautanmu sun fara manta kamanninta.

Akwai wanda zai ce duk wannan zancen masu albashi ne: amfanin kazar gida shi ne tana ciyar da kanta, in an ce a saya mata waya da sakata, ina ribar? Tambaya ce mai nauyi, domin kazar nan ita ce asusun matar karkara, ita ake sayarwa ranar da yaro ya kwanta ciwo. Amsata ita ce ba tsare kaji yini ake nema ba. Su fita su yi kiwonsu, a rufe su da dare kawai, a kare 'yan tsaki a makonninsu na farko. Shara da toka da yaɓe ba su cin kuɗi, waya kuwa sau ɗaya ake sayen ta ta yi shekaru. Kowa ya ƙirga a gidansu tsaki nawa kaza ke ƙyanƙyashewa, nawa ke kai wa ga girma, sannan ya tambayi farashin zakara a kasuwa gab da Sallah. Lissafin zai yi masa bayani.

A nan ne nauyi ya hau kan masu karanta wannan wasiƙa. Da yawanmu mu ne ake kira a waya idan kajin gida sun fara mutuwa, mu kan tura kuɗin magani mu ɗauka mun sauke farali. Zuwa na gaba, a tafi da ƙunshin ragar waya da sakata, a nemo kafinta, a kuma tambayi ofishin kula da dabbobi mafi kusa game da rigakafin cutar Newcastle, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom take samarwa, domin akurki mai kyau ba ya hana wannan annoba. Gwaggo dai mun yaɓe mata bango, mun ƙone ciyawa, mun sa ƙofa. Kazar da aka ce ba ta da kirki ta sake kwanci, ta kuma zauna har ta cika kwana ashirin da ɗaya.